Turai Ta Hau Bas da Ƙafarta

Shekara ashirin da takwas Turai ta yi a unguwar Karantina a Jidda, teku na nan kusa har iska kan kawo mata ƙarninsa, amma ba ta taɓa zuwa bakinsa ta tsaya ba. Ba tsoron ruwa take yi ba. Ita 'yar Tasawa ce, ta zo aikin Hajji da mijinta Bawa a 1978, suka yi zamansu. Shekara takwas bayan haka aka kama Bawa ba takarda, aka sa shi a bas zuwa tashar jiragen ruwa, daga nan sai jirgi. A gida ya rasu, ba su sake haɗa ido ba.

Daga baya ta samu iƙama, wato takardar izinin zama, da aiki a wani kamfanin biskit a Madinar Masana'antu, tana jera fakiti a kwali. Hannunta ya fi na 'yan mata sauri, bakinta kuma ya fi hannun. Amma ko da takarda a jaka, in ta hangi bas a tsaye sai ta sauya lungu. Wannan abu yana ci mata rai, don ita ba mai sunkuyar da kai ba ce.

A 2006 mai kamfanin ya tsufa, ɗansa Hamad ya karɓi ragama. Yaro ɗan boko, ya ce zai kai ma'aikata shaƙatawa wani wuri can arewa, inda teku ya kutsa cikin ƙasa tsakanin duwatsu. Tafiyar awa huɗu a bas, sannan a shiga jirgin ruwa. Ya ce kowa ya zo da iƙamarsa.

Shi a ganinsa alheri ya yi. Bai san abin da ya faɗa wa mutanen Karantina ba. Bas, jirgin ruwa, kowa da takardarsa: ai ko jaririn unguwar ya san sunan wannan: tarhil, wato a tattara mutum a mayar da shi ƙasarsu. Dama ana ta raɗe-raɗin sabon kafili, wato ubangidan nasu, zai rage tsofaffi, fasfo ɗinsu kuma yana hannunsa.

"Yaya, kada ki je," in ji A'i, abokiyar aikinta da suke gida ɗaya. "Ki ce ƙafa ta tashi. Ni haka zan ce."

"Ƙafata lafiya lau," in ji Turai. "Na gaji da laɓe-laɓe, A'i. In korata za su yi, su kore ni ina kallon idonsu. Halas, magana ta ƙare."

Cika baki ta yi, amma fa ta shirya irin shirin da aka sani. Wanda aka kwashe, da abin da ke jikinsa kaɗai yake tafiya. Saboda haka ta saka riga huɗu a ƙarƙashin abaya, ta ɗaura zane uku, a zafin Jidda. Ta iso bakin bas kamar buhun auduga. Cikin Hausawa goma sha tara na kamfanin, ita kaɗai ta zo. Sauran duk ƙafa ta tashi.

"Khala Turai, sanyi kike ji?" Hamad ya tambaye ta da Larabci.

"Kai dai ja mota," ta ce, ta zauna a kujerar gaba.

Awa huɗu tana zufa tana tasbihi, ba ta karɓi ko ruwan da aka raba ba. Suka sauka, suka shiga jirgi. Ruwan ya yi shuɗi har ana ganin kifi a ƙasa, jajayen duwatsu dama da hagu, ba gida ba kowa. Abokan aikinta 'yan Indiya da 'yan Yaman na ta ɗaukar hoto. Ita gaba kawai take kallo, inda duwatsun suka buɗe, babban teku ya bayyana. Ta san bayansa Sudan ce.

Da suka kusa bakin, ta miƙe ta nufi matuƙin. Wani baƙin saurayi ne, Othman, haihuwar unguwar Hindawiyya a Jidda, yana jin Hausa amma ba ya iya mayarwa sosai.

"Ɗana, in Sudan za ka kai ni, miƙe kawai. Ba zan roƙi kowa ba."

Ya dube ta, ya dubi tulin kayan jikinta, ya gane. Shi ma an taɓa kwashe kakarsa.

"La, ya Hajja. Nan iyaka. Mu koma, akwai kifi, akwai shinkafa." Ya fara murɗa sitiyari.

Ta zaci daɗi za ta ji. Haushi ne ya turnuƙe ta. Ashe haka teku yake, kuma shekara ashirin tsoro ya hana ta ko ɗaga ido ta dube shi.

"Tsaya," ta ce. "Ban gama kallo ba."

Hamad ya duba agogo. "Yalla, Khala, abinci zai huce."

"Ya huce."

Othman ya kashe inji. Mutum arba'in da mai kamfani suka zauna a kan ruwa, suna jiran Turai ta gama.