Ƙusata a Bangon Maƙera

Ko yau in na ji ƙaurin gawayin da aka yayyafa wa ruwa, sai in gan ni zaune a maƙerar Kaka a Roni, ina jan zugazugi, gumi na shiga mini ido.

Gidanmu gidan ƙira ne, kuma muna da al'ada. Ranar da aka yanka wa yaro ragon suna, Kaka zai kafa masa ƙusa a bangon maƙera. In ya girma ya yi aikinsa na fari, sai ya kawo, Kaka ya jujjuya shi a hannu, ya sa albarka, ya rataye. Sai an yi haka ake lissafa ka cikin manya. Yayana lauje ya kawo. Ɗan baffana da ya bi teloli, 'yar taguwa ya kawo, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, aka rataye ta a haka.

To ni, ka san Allah ɗaya gari bamban, lissafi ne ya shiga raina tun ina sakandare a Kazaure. Na tafi jami'a na karanta fiziks, kuma na zaɓi ɓangaren da ba a taɓa na'ura, sai tunani da allo da alli. Na gama digiri, aka ce da saura. Na yi na biyu, aka ce ba mai ba ka aikin bincike ko koyarwa mai ɗorewa sai ka yi na uku. Damina ta zo ta wuce, ta sake zuwa, ƙannena suka cika bango, ƙusata na nan tsirara.

Duk hutu Kaka sai ya tsokane ni. "Mai ƙira da iska ya dawo. Ƙusarka fa har ta yi tsatsa." Nakan yi dariya, amma wallahi abin yana cina, don ina kallon ƙarfinsa na raguwa, idonsa na dushewa. Tsorona kada ya tafi bai sa mini albarka ba.

Da na kammala na soma koyarwa, na rasa abin kai masa. Takarda ba ta shiga bangon nan, Kaka ya sha faɗar haka. Ina haɗa kayan tafiya gida na ga tsumman da na yi shekaru ina goge allo da shi. Ya yi fari fat, ya huje a tsakiya. Da kunya na miƙa masa.

"Ranka ya daɗe, aikin namu rabinsa gogewa ne. In na rubuta ya ƙi fita, in share in sake."

Ya shafa shi, ya zura yatsa a hujin. "Wannan ya ci wuya," in ji shi. "Ɗaga ni." Da hannunsa ya lalubo ƙusar, ya rataye shi.

Bai ga wata daminar ba, Allah ya jiƙansa. Yanzu maƙerar ta yi shiru, 'yan'uwana sun koma walda a bakin titi. Ɗalibaina kan tambaye ni ko wannan karatu yana da makoma, in gaya musu gaskiya: hanyar doguwa ce, guraben kaɗan ne. Amma tsummana na nan tsakanin laujen Yaya da taguwar nan mai karkataccen hannu, kuma da aka haifa mini ɗiya, ni na kafa mata tata ƙusar.