Turabulus ta Bangon Zaurenmu

Ranar kasuwar Yankara, a kakar 1975, bayan an gama yankan gero, Baffa Lawal ya sauke buhunan siminti a ƙofar gidanmu. Ƙanin mahaifina ne, ya samu kwangila a Kaduna, kai ya kumbura. Har yau in na tuna ranar sai raina ya ɓaci.

Kakanmu, Baba Tsoho, yana saurayi ya bi ayari ya ƙetare Sahara, ya shekara bakwai yana sana'ar jimar fata a Turabulus, birnin da ke bakin teku. Bai dawo da dukiya ba, birnin ya kawo a kansa, ya gina shi da laka a jikin bangon zaure. Ga jan gidan sarauta a gaɓar ruwa, ga tsohuwar ƙofar dutse ta Rumawa, ga lungun maƙeran tagulla, ga hasumiyar masallaci, ƙasa kuma teku. Duk kaka yakan gyara shi, ni nake dama masa shunin da yake shafa wa tekun. Da idonsa ya mutu, sai ya koma bin lungunan da yatsa. In mun dawo daga kiwon awaki mukan tarar da shi tsaye yana laluben bango, ya ce, "Nan nake sayen gurasa, nan jiragen ruwa suke tsayawa." Abin da ya rage masa na gani ke nan a duniya.

Da gangan Baffa ya jira aka raka Baba Tsoho kasuwa, sannan ya sa aka shafe bangon da siminti. Wai zauren ya yi ƙauyanci, kunya yake ji in ya zo da abokansa 'yan birni. Kunya! Mutumin da ko kwana biyu ba ya yi a gidan. Manya na tsaye, ba wanda ya hana shi, an ga siminti ido ya rufe. Ni kuwa, sakarya, ni na yi ta jido ruwan kwaɓi daga rijiya saboda alewa biyu.

La'asar sakaliya Baba Tsoho ya dawo, na tarbe shi na ja shi zuwa zaure, ya kai hannu inda ya saba. Ya shafa dama, ya shafa hagu, sumul, simintin ko bushewa bai yi ba. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Hauwa, jikata, gidan wa kika kawo ni?"

Yanzu Turabulus na cikin wayar kowane yaro, na duba hotunanta, ban ga tamu ba. Simintin Baffa ya daɗe da zubewa, sai wajen da sawun yatsun Baba Tsoho biyar ya kafe. Alewa kam ban ƙara sha ba.