Hancin Yalum Pertin

Da sanyi ya shigo, kogin Siang ya ja baya, kafin rana ta leƙo Yalum Pertin tana bakin ruwa tana ɗaga duwatsu. A ƙarƙashinsu tari yake kwana, ƙwaron nan mai wari da muke dakawa da barkono da citta mu ci da shinkafa. Kowa na ɗiba. Amma a cikinsu akwai mai dafi, don haka kwandon da bai bi ta hannunta ba, mai hankali ba ya kai shi turmi. Takan kifar da ƙwaro ta duba cikinsa, ta murza shi a farce, ta shinshina.

Ni Tabong, da girgizar ƙasa ta binne ni na tono kaina, ambaliya ta tafi da ni na dawo da ƙafata, ban cika yabon mutum ba. Wannan kam na yaba.

Ranar bikin ɗiyar ƙaninta Obang, surukansa sun kawo kwandon tari guda daga wani rafi can sama. An jiƙa barkono, yara sun zagaye turmi da ganyen da za a zuba musu. Yalum ta tsinto wani ƙwaro mai ja-ja, ta shinshina, ta haye kan turmin ta zauna. Obang ya roƙe ta kada ta kunyata shi gaban baƙi, kyautar suruki ba a zubarwa.

Ta ce, "Ƙanena, ka ji kunya yau, gobe ka ga 'ya'yanka."

Kawun ango ya yi dariya, ya ce tsohuwa hancinta ya tsufa. Ya watsa uku a baki ɗanye. Kafin a raba nama yana rarrafe ƙarƙashin ɗaki, don ɗakunanmu a kan turaku suke, yana cusa kai bayan dutse yana neman wurin ɓuya kamar ƙwaron da ya ci. Ni na jawo shi ta ƙafa, ni kaɗai. Ya warke, amma yaro ko ɗaya bai lasa ba.

Yalum, ke ce mai zama kan turmi. Ba ki taɓa karɓar ko ƙoƙon giyar shinkafa a kan aikin nan ba. Bana gwiwa ta hana ki sauka kogi. Mun gode, 'yar'uwa.

Ku kuma matasa, ku kai mata kwandunanku har ƙofa, ku durƙusa ku shinshina tare da ita. Ba kowa ke da irin jikina ba.