Malaman da Kaka ta Ƙona

Jidda ba garin jin wuta ba ne. Zafi da gumi sun ishi kowa, amma kakata, Hajiya Asabe, ba ta yarda a yi tatsuniya babu garwashi ba. Bayan magariba sai ta hau saman benenmu na unguwar Hindawiyya, ta hura ɗan murhun ƙarfen da ta taho da shi daga Sudan, ta ɗora gahawa, mu jikoki mu kewaye ta muna zufa muna saurare.

A Jidda aka haife ni, kuma Hausata a lokacin rabi ce. Ina ji, amma in zan mayar da magana sai Larabci ya riga ta fita. Abin da ban gane ba kuwa ba na tambaya, don kada a yi mini dariya, sai in cike gurbin da kaina. Wannan hali ne ya ja mini wahala, domin babu wanda ya taɓa gaya mini cewa malam-buɗe-littafi ƙwaro ne. Mu sunansa na Larabci, farasha, muka sani. Ni da na ji sunan, mutum na gani, da rawani da gemu.

Kaka takan fara da, "Ga ta nan tafe, ku buɗe kunne." Mu ce, "Yalla, ta iso."

Wai akwai kurmin bagaruwa a bakin kogi, garuruwa sun kewaye shi, da shi suke jima, da shi suke girki, a inuwarsa awaki ke kiwo. Wata shekara sai jirgin ruwa ya sauke katako daga wata ƙasa mai nisa, ashe wani baƙon malam-buɗe-littafi ya ɓuya a ciki. Shi ba ya cin komai, 'ya'ya kawai yake zubawa. 'Ya'yan ne ke hawa itatuwa su cinye ganye tas, har kurmin ya koma kamar an yi masa aski.

Kowane gari ya yi ta kansa. Waɗannan suka watsa toka, malam ya koma gari na gaba. Waɗancan suka yi hayaƙi, ya dawo inda ya fito. Hukuma ta aiko mutane da feshi, awaki suka kwanta ciwo, malam yana nan. Daga ƙarshe dattawa suka zauna suka ce tunda yana son haske, kowane gari ya hura wuta a dare ɗaya, da an buga ganga. Gari ɗaya ne ya ƙi. Suka ce su ba za su ƙona malam ba.

"Mu kuwa muka hura," in ji Kaka, tana fifita garwashi. "Sai ga su suna faɗawa, suna faɗawa. Da hannuna na ƙara itace."

Wannan "mu" ɗin ce ta hana ni sukuni. A sauran tatsuniyoyinta babu ita a ciki, a wannan kuwa ga ta da itace a hannu. Sai na fara haɗa abubuwa. Kakana malami ne, a Sudan ya rasu, ba a cika zancensa ba. Sunansa aka sa mini, shi ya sa Kaka ba ta kiran sunana, sai dai ta ce Maigida, wani lokaci ta ce mijina. Ga shi an sa ni makarantar haddar Alƙur'ani, kullum in zan fita sai ta ce, "Maigida, yi karatu ka zama malam kamar na farkon."

Na ji tsoronta ƙwarai. Matar da ke ɓoye mini dabino a bakin mayafi, ita ce ta ƙona mijinta, kuma tana jira in buɗe littafi. Abin ya ƙi shiga kaina, amma ya ƙi fita. Sai na daina buɗewa. A makaranta in zauna da Alƙur'ani a rufe a kan cinya, malam ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya aika wa babana. Babana ya ce aljanu ne, mahaifiyata ta ce lalaci ne, aka yi ta ba ni rubutu ina sha. A saman bene kuma na koma can bakin matakala, nesa da murhu.

Wata rana tana cikin wata tatsuniyar daban sai wani ƙwaro mai ruwan toka ya zo yana kewaya fitila. Ta nuna shi da mafici.

"Ga malam ya zo jin hira."

Na duba matakala, babu kowa. Na ce, "Fen? Ina yake?"

"Ga shi a kanka, Maigida. Malam-buɗe-littafi. Dubi fukafukan, buɗe, rufe."

"Hada farasha, Kaka, ai wannan ba malam ba ne."

"To da me ka ɗauka?"

Sai na fashe da kuka, na faɗa mata duka, rabi Hausa rabi Larabci. Ta yi dariya har gahawa ta ƙone. Da dariyar ta lafa sai ta jawo ni jikinta ta ce, "Kakanka zazzaɓi ne ya kai shi, a kan gadonsa. Kuma shi ne ya hana garinsu hura wuta. A daren nan na fara jin sunansa, ana zaginsa."

Washegari na buɗe littafi. Amma ruɗanin bai ƙare ba, wuri kawai ya sauya, don tatsuniyar ba ta da ƙarshe ɗaya. Wani dare Kaka ta ce ƙwaron ya fake a garin da ya ƙi, da damina ya dawo ya cinye na kowa. Wani dare ta ce wuta da hayaƙi sun kori tsuntsaye daga ko'ina sai garin kakana, tsuntsayen suka cinye tsutsotsin, nasu kurmin ne kaɗai ya tsira. Da na girma na tambaye ta wanne ne gaskiya, sai ta ce, "Duka. Shekarun ne daban. Halas, ya isa, miƙo mini finjali."

Ta rasu ban samu fiye da haka ba. Na daɗe ina ɗauka darasin shi ne a haɗa kai, kada gari ɗaya ya ware. Daga baya na ga ai wanda ya ware ɗin ta aura, ta bar garinsu ta bi shi. Yau in ana jayayya a gidan da muke haya kan ranar da kowa zai yi feshin kyankyaso tare, nakan rasa ɓangaren da zan tsaya, na mai ƙara itace ko na mai sunana. Har yanzu ban sani ba, kuma abin yana damuna fiye da yadda ya kamata.

Kwanan baya ina zaune da 'yata Asabe, wadda Hausarta ba ta kai ko rabin tawa ta da ba, sai wani malam-buɗe-littafi ya shigo ta taga yana kewaya fitila. Ban san lokacin da na ce, "Ga malam ya zo" ba.

Ta miƙe da sauri, ta gyara mayafinta, ta tsaya tana kallon ƙofa.