Ranar da Tanti ta nemi gabjejen tabarau

Jiya ina tsaye a kantin tabarau da nake aiki a Lyon, sai ga Tanti Hadiza, ƙanwar mamana, riƙe da takardar likita. Daga La Courneuve da ke gefen Paris ta zo ganin jikarta.

Ita ce fa ta laƙaba mini "Mai Gabjeje" tun ina shekara tara. Ga waɗanda Hausa ta fara kufce musu, gabjeje shi ne abu mai kauri da nauyi, wanda ya yi wa wurinsa yawa. Haka tabarauna yake, baƙi ƙirin, ya cinye rabin fuskata. Ko hoton Sallah za a yi, sai ta ce in cire shi kada in ɓata hoto. In na cire kuwa ba na ganin komai, shi ya sa a duk hotunan gidanmu gefe nake kallo.

Na jera mata sirara masu ruwan zinariya. Ta ture su, ta nuna wanda ke fuskata.

"Irin naki nake so. Shi ake yayi yanzu a Paris."

Na ce, "Tanti, ai wannan gabjeje ne."

Ta yi kamar ba ta ji ba. Ta saka, ta daɗe gaban madubi, sannan ta ce, "To, gabjejen ya karɓe ni ko bai karɓe ni ba?"

Wallahi ya karɓe ta. Na jawo ta muka yi hoto, kowacce da nata a fuska. Wannan karon kyamarar nake kallo, ido cikin ido.

Ku fa, wane sunan tsokana kuka wayi gari kuna alfahari da shi?