Baba Birki, Wanda Ya Koya Mana Waiwaye

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Maris, Allah Ya karɓi ran mai gyaran keken unguwarmu, wanda yara da manya ke kira Baba Birki. Ya rasu a ɗakinsa, a kan gadonsa, bayan fama da ciwon ƙoda, ciwon da bai yarda ya kira shi ciwo ba sai da ƙafafunsa suka ƙi shiga takalmi.

Da gangan na faɗi inda ya rasu. Tun ranar, duk wanda na shaida wa sai ya dafe ƙirji ya ce, "Mota ce ta buge shi?" Haba jama'a! Mutumin da ya yi furfura a kan sirdi bai taɓa goge ko fentin motar wani ba. Wani mai babur, wanda ko fitilar kwana bai san amfaninta ba, har da cewa wai dama ya san keke ne ajalinsa. Baba, na buɗe baki zan wanke shi tas a gaban masu gaisuwa, sai na ji kamar kana bayana, na haɗiye. Ka ga ko bayan ranka aikinka kake yi.

A makare na zo hannunka. Na bar makaranta tun ina ƙarami, ɗan karatun da na iya a allunan talla da tsofaffin jaridu na tsince shi. Da na samu aikin kai saƙo a wani shagon ɗab'i, inda takardun da suka lalace suka zama makarantata, sai aka ce sai mai keke. Ga gemu ya fara fito mini, ban taɓa hawa ba. Na zo rumfarka na tsaya ina kame-kame, wai ƙanena ne yake son koyo. Ka dube ni daga sama har ƙasa, ka ci gaba da shafa gam a jikin faci, ka ce, "Ka gaya wa ƙanen naka ya same ni bayan sito gobe da sassafe, kafin yara su fito." Ba ka yi dariya ba. Ba ka kuma taɓa faɗa wa kowa ba.

Da na zo, sai na tarar ka kwance feda duka biyu, ka sauke sirdi ƙasa. Na ce, "Baba, keke na zo koya ko rarrafe?" Ka ce, "Barkono, hau ka tura da ƙafa." Tun ranar sunan ya bi ni, har mahaifiyata da shi take kirana idan na ishe ta. Haka na yi ta turawa ina matse birki, ina turawa ina matse birki, ina gunaguni. Ba ka mayar da feda ba sai da na iya tsayawa daidai kan layin da ka ja da dugaduginka. Ka ce gudu kowane sakarai ya iya, gangara ma tana koyar da shi kyauta. Daga nan ka samo sunanka.

Amma abin da duk wanda ya bi ta hannunka ba zai manta ba shi ne yatsu. Idan mutum ya fara tafiya sosai, yana jin kansa ya gama, sai ka tsaya a bayansa ka ɗaga hannu, ka buga masa kira. Dole ya waiwayo, ya ƙirga yatsun da ka ɗaga, ya faɗa da ƙarfi, kan keken kuma kada ya karkata ko kaɗan. Wanda bai ci wannan ba, ba ka yarda tayarsa ta taɓa kwalta, ko ɗan waye. Ni da na gaji sai na fara canka. Ka kira, na ɗan karkata wuya na ce, "Uku!" Ka ce in tsaya in duba da kyau. Hannuwanka duka biyu suna cikin aljihu. Ka ce, "Ukun nan da ka gani, tirela ce. Allah Ya jiƙanka."

Ranar da na fara shiga babban titi, rumfarka ka rufe ka biyo ni a kan tsohon kekenka. Ina jin ƙararrawarka a bayana. A hanya ka nuna mini cewa ba fuskar direba ake kallo ba, tayar gaba ake kallo, don fuska tana iya yin murmushi taya tana nufo ka. Ka ce in bar wa motar da ke tsaye faɗin ƙofarta. Ka ce kada in kuskura in shiga tsakanin babbar mota da bakin kwata idan za ta sha kwana. Ka ce idan zan sha kwana in miƙa hannu sosai kamar mai nuna ɓarawo, ba kamar mai jin kunya ba.

A shataletale wani direban bas ya matse ni har gwiwata ta gogi ƙarfe. Na miƙe a kan feda zan bi shi, bakina cike da abin da ba ya rubutuwa. Ka sha gabana. Na ce, "Baba, ni ne da gaskiya!" Ka ce, "Kai ne da gaskiya, shi ne da bas. Zagin nan ba ya lalacewa, Barkono. Ajiye shi ka kai gida, ƙafa biyu a ƙasa, sai ka zage shi har kakansa." Da na isa gida na nemi zagin na rasa. Har yau haka nake yi, har yau kuma ina isa gida.

Aikin da ka bari a buɗe shi ne na Auta, 'yarka. Ta samu makarantar koyon aikin jinya a ɗaya gefen gari, motar da ke zuwa can kuwa sai ta ga dama. Ka harhaɗa mata keke da hannunka, ka fente shi kore. Ta ci jarrabawar birki, ta ci ta feda, saura yatsu, sai ciwo ya kwantar da kai. Bayan rasuwarka masu gaisuwa suka cika wa matarka, Inna, kunne: mai koyarwa ya tafi, kada ki jefa marainiya a titi. Inna ta sa kwaɗo ta kulle keken a jikin turken rumfa. Auta ta fara makara, har an ja mata kunne a makaranta, ta fara maganar haƙura da karatun.

Na je da shirin faɗa, ban ɓoye ba. Na tarar da Inna zaune, ta ɗora hularka mai tabon giris a cinya. Duk abin da na shiryo ya tsere. Ta ce, "Barkono, shi kaɗai na yarda da idonsa. Idan wani abu ya same ta, me zan ce?" Na ce, "Inna, kada ki yarda da idona. Ki tsaya a bakin ƙofa ki ɗaga yatsun da kanki. In ta karkata, ni zan mayar da kwaɗon."

Lungunku muka yi amfani da shi. Auta ta hau ta miƙe. Inna ta kira ta, ta waiwayo, ta ga ba kai ba ne a tsaye, keken ya yi tangal-tangal, ta dire ƙafa tana kuka. Na miƙa hannu zan ɗauki kwaɗon, tunda na yi alkawari. Inna ta riƙe shi gam, ta ce, "Ubanki bai taɓa kayar da kowa a karon farko ba. Koma." Ta koma. Da aka sake kira, ta waiwayo sosai, taya na tafiya kamar an ja zare, ta ce, "Ba ki ɗaga komai ba, Inna, ido kike sharewa!"

Yanzu kullum da safe ina bin bayanta har ta wuce shataletale, ina kaɗa ƙararrawarka. Inna ce ta kwance ta daga kekenka ta ba ni.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, da Auta da yayyenta, da duk wanda ya taɓa ƙirga yatsun nan masu baƙin mai. Ya Allah, bawanka ya kai 'ya'yan mutane gida lafiya, Ka kai shi gidan rahama lafiya. Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa, Ka yalwata masa makwanci, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba iyalinsa haƙurin rashinsa, Ka tsare Auta a kan hanya, mu kuma Ka kyautata namu ƙarshen. Amin.