Ranar da Kakata Ta Nemi Takarda ta Biyu

Duk inda na ji ƙamshin ƙuli-ƙuli a cikin mai, sai na tuna kakata. Shi ne sana'arta. Kowace ranar kasuwar Cadakori tana da gurbinta kusa da 'yan gishiri, kuma tun ina ƙarama nake zama gefenta.

Ka san a zaɓen da aka yi gab da samun mulkin kai, takardu biyu aka ajiye, kowa ya ɗauki wadda ransa ke so. Kakata ta jefa wa wani ɗan yankinmu da ya yi alkawarin rijiya. Bai daɗe ba aka haramta jam'iyyarsu, shi ma aka daina ambatonsa sai cikin raɗa.

Da wani zaɓen 'yan majalisa ya zo, an gama cirar gyaɗa, rumbuna sun cika. Mai shela ya zaga gari yana cewa kowa ya fito. Babana ya same ta tana tuƙin gyaɗa, ya ce, "Inna, ki jefa abin da aka ba ki, ki dawo gida." Ba ta ɗago ba.

A rumfar lakol, wato makarantar boko, aka yi, na bi ta riƙe da bakin zanenta. Mai gari na zaune, jandarma na tsaye a bayansa. Malamin lakol ya miƙa mata takarda guda da ambulan. Ta juya ta gaba da baya.

"Ina ɗayar?"

"Ita ke nan, Iya," in ji malamin, murya ƙasa-ƙasa.

Ta dubi mai gari, wanda ta sani tun yana goye. "Ranka ya daɗe, in tuwo ɗaya aka kawo, ci ake cewa. Mi ya kawo zaɓe?" Ta ajiye takardar kan tebur, ta kama hannuna muka fito. Matan da ke layi suka bi mu da kallo. Ba ta ƙara sauri ba.

Kasuwar da ta biyo, muka tarar an ba wata gurbinta. Sarkin kasuwa ya ce umarni ne daga sama, bai iya haɗa ido da ita ba. Dattawan unguwa suka zo gida, suka ce ta je ta ba da haƙuri, bakin babana ma a ciki, don yana tsoron a hana shi sayar da gyaɗarsa. Ta ce ba ta zagi kowa ba, tambaya ta yi.

Ta koma gindin wani gawo a bakin hanyar Gidan Rumji ta kafa kaskonta. Da fari mutane sai su wuce suna kau da kai. Sannu a hankali Fulani masu nono suka fara tsayawa, daga baya har matan gidan mai gari na aikowa a ɓoye. A nan ta tsufa. Ko da aka ce ta dawo, ba ta dawo ba.

Daga baya na ga zaɓen da takardu suka yi yawa har ido ya gaji, na kuma ga shekarun da babu ko ɗaya. Jikokina suna cewa duk ɗaya ne, me za su je yi. Nakan ce musu su je. In ba su ga wanda ya yi musu ba, su tambaya, da ƙarfi, a gaban kowa.